Buhun Sukari Mai Ido Biyu

Litinin, 3 ga Afrilu, 1911. Ƙarfe goma na safe.

Saura sati uku da kwana biyu a jefa ƙuri'ar raba gardamar nan mu huta. Na gaji da ita kamar yadda na gaji da sauron bana. Tambaya biyu ce kacal. A ƙara wa gwamnatin tarayya iko a kan ciniki da kamfanoni, eh ko a'a. A ba ta damar karɓe duk kamfanin da ya yi babakere a kasuwa shi kaɗai, eh ko a'a. Amma mu nan Kilcoran kowa ya san a kan Kamfani ake magana. Injin matse rake nasa ne, ƙaramin layin dogon da ya shigo gonarmu nasa ne, sikeli nasa ne, mai karanta sikelin ma nasa ne.

Jiya ƙanena Fintan ya zo cin abincin rana. Tun daga ƙofar shinge ya fara:

"Yaya, ina Gunkin gidan? Ko Kamfani ya aiko an ɗauke shi a je a goge masa ƙura?"

Mads Lund, mijina, yana bayan jarida, bai ko sauke ta ba ya ce, "Delia, ɓoye naman. Aku ya iso."

Shekara goma sha biyu ke nan suna wannan, tun ranar aurenmu. Yanzu kuwa da masu yankan rake suka naɗa Fintan mai yi musu magana a taro, bakin ya ƙara tsawo. Shi kuma Mads da jaridarsa yake taƙama. Ya sauko daga jirgin Denmark ko kalma ɗaya ta Turanci babu a bakinsa, ya koya wa kansa karatu da rubutun jikin gwangwani, yau shi ke karanta wa rabin maƙwabta wasiƙunsu. Ka zage shi a kan komai zai yi shiru, ban da wannan.

Ana cikin cin abinci Mads ya ce, "In gwamnati ta karɓi injin, wa zai sayi rakena?"

"Gwamnatin mana. Da sikelin gaskiya kuma."

"Gwamnati tana Melbourne, Aku. Mista Thorne kuwa duk Talata yana bakin ƙofata."

Fintan ya yi dariya, ya miƙa hannu ya ɗauke dankalin ƙarshe daga farantin Mads.

Talata, 4 ga Afrilu. Da yamma.

Mista Thorne ya zo, mai duba rake na Kamfani, wanda ke rubuta gonar da za a fara yanka da wadda za a bari ta bushe a tsaye. Mutum ne mai ladabi, shi ne abin haushin. Ya sha shayi kofi biyu, ya yabi burodina, sannan ya taka layin dogon da takalminsa ya ce Kamfani na ƙarancin ƙarfe bana, mai yiwuwa a tumɓuke na wasu gonaki. Bai ce namu ba. Ya dai ce ya sa sunan Mads a kwamitin A'a, ƙarƙashin maƙwabcinmu Strachan, don ana buƙatar masu hankali.

Mads ya ce ya gode. Har da cire hula.

Bayan tafiyarsa na zauna na yi wa buhunan sukarina faci da jan zare, irin ɗinkin da Mama ta koya min. Matar Strachan ta ari guda shida bara ta rantse nata ne. Bana sai in ga ta inda za ta rantse.

Lahadi, 9 ga Afrilu. Bayan an taso coci.

Taron jiya da yamma a zauren gari. Na je, da na sani ban je ba.

Fintan ya hau tebur, ya yi kyau cikin farar rigar da na goge masa. Ya ce, "Jama'a, wane ne a cikinku ya taɓa ganin allurar sikelin nan da idonsa? Ɗaga hannu in gani!" Aka yi dariya, har manoma. Sai Strachan ya miƙe daga baya ya ɗaga sanda, mutanensa suka fara ƙirga shi kamar yadda ake yi wa wanda ba a so a ji. "Ɗaya! Biyu! Uku!" Suna buga ƙafa a katako, har fitilu na rawa. A tara suka yi ihu, "Waje!"

Fintan ya tsaya ya jira, ya ce, "Madalla, Strachan ya iya ƙirga har tara. Wa ya ce Kamfani ba ya koyar da bayinsa?"

Kwalba ce ta fara tashi. Daga nan benci. Na ga wani tsoho ɗan yankan rake an kifa shi an taka masa fuska, na ga wani manomi yana tofar da haƙora a tafin hannunsa yana dubawa kamar ya tsinci kuɗi. Jini a bangon da yara suka liƙa furannin takarda. Na fita ta taga, rigata ta yage har gwiwa.

Mads yana baya, a layin Strachan. Ban ji muryarsa a ƙirgar ba. Leɓensa dai na ga yana motsi.

Talata, 11 ga Afrilu. Ƙarfe takwas na safe.

An wayi gari an sare wa dawakan Strachan biyu jijiyar ƙafa da adda. Tun daga nan muke jin kukansu, kafin ya harbe su. Harbi biyu, sai shiru. Dabba me ta sani game da ƙuri'a? Duk wanda ya yi wannan Allah ya isa, ko ɗan Eh ne ko ɗan uban wa.

Fintan ya biyo da hantsi. Na tsare shi a bakin tanki.

"Kai ne?"

"Haba Yaya. Ni da nake ba dokin Gunki sukari a ɓoye?"

"Mutanenka ne."

Na ce ya bar garin nan ya tafi Brisbane har a gama. Ya ce in ya gudu yanzu ya amsa laifi ke nan, kuma wa zai cinye min naman Ista? Na jefe shi da tsumma. Na yarda ba shi ba ne. Strachan kuwa bai tambayi kowa ba.

Alhamis, 13 ga Afrilu. Da rana.

An ƙone tantunan masu yankan rake a bakin rafi. Mutum ɗaya an karya masa muƙamuƙi. Mads ya ce yana gona lokacin. Yana gona, na gan shi.

Juma'a, 14 ga Afrilu. Ƙarfe uku.

Rake na girma abinsa.

Lahadi, 16 ga Afrilu, Ista. Ƙarfe goma sha ɗaya.

Strachan ya zo da mutum biyu a kan dawakan aro, wai Mads ya raka su duba wani doki da za a saya, tunda ya san haƙorin doki. Ranar Ista! Na ce abinci ya kusa, Fintan na hanya. Strachan ya ce, "Ba za mu daɗe ba, uwargida." Mads ya shiga ɗakin ajiya ya fito da wani abu a naɗe a hammata. Bai dube ni ba.

Ina neman almakashina ban gani ba.

Ƙarfe biyu.

Nama ya huce. Babu Fintan, babu Mads.

Ƙarfe huɗu.

Mads ya dawo shi kaɗai. Ya daɗe a bakin tanki yana wanke hannu, ga ruwa muna tattali. Ya ce ba ya jin yunwa. Na ce dokin fa? Ya ce wane doki.

Litinin, 17 ga Afrilu. Ƙarfe tara na safe.

Dole in rubuta wannan.

Mai kai madara ne ya tsinci Fintan jiya wajen ƙarfe biyar, a inda layin dogo ya ƙetare rafi. Mutum huɗu suka tare shi yana tafe da ƙafa zuwa gidan nan. Kowannensu ya kifa buhun sukari a ka, an huda masa ido biyu. Ɗaya ya danne shi, biyu suka shimfiɗa hannuwansa a kan ƙarfen layin, na huɗun ya zo da guduma, irin ta buga ƙusar dogo. Fintan ya ce da yatsa ɗai-ɗai aka bi, kuma mai gudumar yana ƙirgawa. Da ya kai tara sai ya ce, "Waje. Je ka yi ƙuri'ar da baki, tunda shi ka iya."

Likita ya ce na dama ya tafi, ko ya warke ba zai ƙara riƙe adda ba. Na hagu yatsu huɗu ne, babban yatsa ya tsira. Ya so ya kwantar da shi a asibiti, Fintan ya ce a'a, a kai shi gidan yayarsa.

Da aka shigo da shi a kan ƙyaure, hannuwa a naɗe kamar burodi biyu, ya dubi Mads ya ce, "Gunki, ka ga an rage maka asarar dankali."

Mads ya fita. Na ji shi yana amai a bayan ɗakin kaji.

Ni na goya yaron nan lokacin da Mama ke wankau a gidajen mutane. Ni na koya masa riƙe cokali.

Talata, 18 ga Afrilu. Da hantsi.

Na je ɗebo wa kaji masara a ɗakin ajiya. Na sami almakashina a kan akwatin masarar. Na tura hannu ciki, na taɓo wani abu, na jawo.

Ido biyu. Jan zare a gefe.

Na mayar, na rufe da masara. Na ba kaji abinci. Na wanke bandeji. Na dafa romo. Mista Thorne bai zo ba yau, ya aiko da kwandon lemu da gaisuwa ga majinyaci. Na zuba wa alade.

Laraba, 19 ga Afrilu. Ƙarfe biyu.

Ɗan sanda ya zo da littafinsa. Ya tambayi Fintan ko ya gane wani. Fintan ya ce, "Ranka ya daɗe, buhu ai ba shi da fuska. Ka kama duk mai shan shayi da sukari." Ɗan sandan ya juyo gare ni, ko na ga wani abu, ko na ji wani abu. Ya ce masu wannan aiki shekara bakwai ke jiransu, in an samu shaida ko da guda ce.

Taku ashirin ne daga inda yake zaune zuwa akwatin masara. Na ƙirga su da idona.

Na ce ban ga komai ba. Na ƙara masa shayi.

In na kai abin nan, na ɗaure mijina da hannuna. In na bar shi a masara, na ci amanar ɗan da Mama ta damƙa min tana kan gadon mutuwa. Gaba kura, baya sayaki. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to nawa ya cika har wuya.

Alhamis, 20 ga Afrilu. Da safe.

Fintan ya ce gemu na damunsa. Na ɗauko aska, ya ce, "A'a, Yaya, ke kya yanka ni. Kira min Gunki."

Mads ya zo. Ya shafa masa sabulu, ya ɗora aska a maƙogwaronsa. Fintan ya lumshe ido ya miƙa wuya.

"Riƙe da kyau mana. Kai da na sani da riƙo."

Askar ta zame, jini ya ɗan tsatso a haɓa. Mads ya ce yi haƙuri. Ya sake cewa yi haƙuri. Ya faɗa sau huɗu ko biyar, har Fintan ya ce, "Kai, ɗan wannan? Ƙarasa min ɗaya gefen, kar in fita kamar akuya."

Tun daga nan Mads ne ke ba shi abinci a baki, shi ke kai shi bayan gida, shi ke ɗaura masa wando. Ban sa shi ba. Ban hana shi ba.

Asabar, 22 ga Afrilu. Ƙarfe biyar na yamma.

Na kai wa Mads shayi gona, can ƙarshen rake inda ba mai ji. Na ajiye gwangwanin, na ce, "Kaji sun kusa cinye masarar, Mads. An fara ganin ƙasan akwati."

Ya zauna a ƙasa kamar an sare shi. Abin da ya faɗa ba zan rubuta ba. Akwai layin dogo a ciki, akwai Mista Thorne, akwai "cewa suka yi tsoro kawai za a ba shi." Da ya zo nan sai na ɗaga gwangwanin shayin na kwaɗa masa a baki. Leɓen ya fashe, shayi da jini suka gangaro masa a riga. Bai kare ba. Na ƙara. Na so ya kare, ko ya rama, in sami abin da zan tsana sosai. Ya dai zauna yana kallon hannuwansa.

Na tsane shi. Na kuma tsaya na yage gefen zanen gabana na danne masa leɓen. Wace irin mace ce ni?

Lahadi, 23 ga Afrilu.

Ban je coci ba. Me zan ce wa Fada?

Litinin, 24 ga Afrilu. Da rana.

Fintan ya kafe sai ya jefa ƙuri'a jibi. Na ce da wane hannun? Ya aike ni wajen Mista Penhale, malamin makaranta, wanda zai kula da akwatin. Malamin ya ce doka ta tanadi wannan: wanda ba ya gani, ko ba ya iya riƙe fensir, ko bai iya karatu ba, shi malamin zaɓe ne zai cika masa. Sai dai mutum zai faɗi abin da yake so da bakinsa, a gaban wakilan ɓangarorin biyu. Wakilin A'a kuwa Mista Thorne ne.

Fintan da ya ji ya ce, "Ka ga mutumin kirki, mai gudumar nan. Ashe doka ya karanta min."

A hanyar dawowa matar Strachan ta tare ni, ba ko gaisuwa. Ta ce mijinta ya ce duk keken dokin da ya ɗauko Aku ranar Laraba ba zai ƙetare rafi da ƙafafunsa huɗu ba. Na ce ta gaya masa ya dawo min da buhunana shida tukuna. Ban san abin da ya sa na faɗi haka ba. Fuskarta ta yi fari fat.

Talata, 25 ga Afrilu. Da yamma.

Mista Thorne ya zo. Ya nuna wa Mads takardar yanka: gonarmu ce ta uku a jerin bana. Ba mu taɓa wuce ta ashirin ba. Ya dubi leɓen Mads bai tambaya ba.

Mads bai ci abinci ba. Jaridar ma yau kwana tara ke nan bai buɗe ta ba.

Alhamis, 27 ga Afrilu. Ƙarfe goma na safe.

Jiya ban iya riƙe alƙalami ba. Yau ido ɗaya nake gani da shi, amma zan rubuta duka, wannan kam ba abin ɓoyewa.

Da sassafe na fito na tarar Mads ya ɗaura wa goɗiya keke, ya shimfiɗa katifa a baya. Ya shiga ya ɗauko Fintan kamar jariri.

Fintan ya ce, "Gunki, ka san abin da ke rafi?"

"Na sani."

"To Yaya ta zauna a gida."

Na ce ni ma ƙuri'a gare ni, ba wanda ya ba ni aro. Na hau.

Suna nan a mashigar rafin, Strachan da mutum shida, kowa da ƙotar diga. Yau ba buhu. Strachan ya tsaya a tsakiyar hanya ya ce, "Lund, ina za ka da wannan mushen? Ka manta da wa ka ci Ista?"

Mads ya zabga wa goɗiya bulala, abin da bai taɓa yi mata ba. Muka afka ruwa. Sanda ta sauka a kafaɗarsa, na ji ƙarar har cikin haƙorana. Wani ya kama linzami, Mads ya shaɓe masa fuska da bulalar, ya saki. Dutse ya same ni a gira, jini ya rufe min ido. Ƙafar keke ta bi ta kan ƙafar Strachan, ya yi wata ƙara irin ta dawakansa. Fintan yana kwance a baya, ya ɗaga hannuwansa sama don kar su bugu, yana ihu, "Ɗaya! Biyu! Waje, Strachan!"

A makaranta mutane sun cika. Aka buɗa mana hanya. Mista Penhale na zaune da akwati, Mista Thorne a damansa da littafi da fensir. Mads ya tsayar da Fintan a gaban tebur ya tallafe shi. Mista Penhale ya karanta tambaya ta farko.

"Eh," in ji Fintan. "Ta biyun ma eh. In akwai ta uku a aljihunka, Malam, ita ma eh."

Mista Thorne ya yi murmushi ya rubuta wani abu. Wannan ai bai ba kowa mamaki ba.

Sai aka kira Mads Lund. Ya karɓi takarda ya nufi bayan labule, inda ba mai ganin abin da mutum ya yi sai Allah. Ya kai hannu ga labulen, ya tsaya. Ya juyo ya dawo ya ajiye takardar a tebur.

"Mista Penhale, a cika min. Ban iya karatun Turanci ba."

Wani ya yi dariya daga baya. Mista Penhale ya cire tabarau ya ce, "Mads, kai ne fa kake aron littattafaina."

"Na ce ban iya ba. Baƙo ne ni. A karanta min da ƙarfi."

Kunnuwansa sun yi ja wur. Ni kaɗai na san abin da wannan ƙaryar ta ci masa. Mista Thorne ya ajiye fensir ya ce a hankali, "Lund, labule na nan. Ba wanda ya tambaye ka."

Mads bai dube shi ba. Mista Penhale ya karanta ta farko, kalma bayan kalma.

"Eh."

Ya karanta ta biyu, ta karɓe kamfanonin babakere.

Wannan karon Mads ya juya ya dubi Mista Thorne ido cikin ido. "Eh. Ka rubuta da kyau, L, U, N, D."

Fintan ya ce, "Kai, Gunki ya yi magana! A buga ƙararrawa!" Amma muryarsa ta karye a tsakiya.

Ni a bayan labule na yi tawa. Abin da na zaɓa nawa ne, ko littafin nan ba zan gaya wa ba.

A waje suka jira Mads. Mutanen Strachan na rafi sun iso, da wasu ƙari. Suka kewaye shi a filin wasan yara suka fara ƙirga. Ya tura ni gefe ni da Fintan, ya tsaya, hannuwa a aljihu. A aljihu! A tara sanduna suka sauka. Ya faɗi, suka bi da takalma. Sai masu yankan rake suka tumɓuke katakon shingen makaranta suka afko, aka haɗu. Na ga kan mutum ya tsage kamar kabewa. Na ga ɗan sanda yana busa usur ba mai ji. Ni dai na rarrafa ta tsakanin ƙafafu na kama wuyan rigar Mads na ja, ina zagin kowa da zagin da ban san na iya ba.

Ni na koro keken zuwa gida, maza biyu kwance a baya. Mads ya karya haƙarƙari uku, haƙora biyu, in ji likita, kunnen hagu kuma sai abin da hali ya yi.

Asabar, 29 ga Afrilu. Da rana.

Waya ta iso gidan waya. A'a ta ci, tambayoyin biyu duka, da rata mai yawa. Jiha ɗaya tak ta ce eh, can yamma. An ce a mashaya Kamfani ya sayi giya ga kowa.

Na gaya musu. Fintan ya dubi hannuwansa ya daɗe, sannan ya ce a juya shi ya fuskanci bango. Yau babu wasa.

Litinin, 1 ga Mayu. Ƙarfe goma sha ɗaya.

Mutanen Kamfani sun zo su takwas sun tumɓuke layin. Kafin rana ta take sun gama. Raken bana ya fi na kowace shekara kyau, ya wuce kan mutum a kan doki, kuma ba inda za shi.

Laraba, 3 ga Mayu. Ƙarfe huɗu na yamma.

Na fito da su baranda su sha iska, ɗaya a kujera ɗaya a katifa. Mads ya ce in ya tashi zai ƙone raken ya nome ya shuka masara, ita ba ta buƙatar layin kowa. Sai dai a nemi buhuna.

Fintan ya ce, "Akwai ɗaya a ƙasan akwatin masara. Yaya, ɗauko shi."

Ba wanda ya motsa. Na ji kaji suna tono a ƙarƙashin baranda.

"Ɗauko mana. Tun a rafi na gane ɗinkin Mama. Yana dab da hancina, jan zare, a wuyan wanda ya riƙe min hagu. Kuka yake yi a cikin buhun kamar maraƙi. Shi ya tura babban yatsana ƙarƙashin tafinsa, guduma ta sauka a gefe."

Mads ya rufe fuska. Na ce, "Ka sani, shi ne ka ce a kawo ka gidan nan?"

"To ina za ni? Wa ya fi shi cancantar ya ɗaura min wando?"

"Da ka gaya wa ɗan sanda."

"In bar ki da gona ke kaɗai, da ni ba hannu? Haba Yaya." Ya juya ga Mads. "Ban yafe ba tukuna, Gunki, kar ka ɗauka. Ina dai nan. Kullum sau uku za ka riƙa ganina a bakin cokali."

Mads ya ce, "Na ji."

Na tafi na ɗauko shi, na karkaɗe masarar, na shimfiɗa a cinyata a gabansu. Fintan ya ce in ɗinke ramukan, buhu ne mai kyau, kar a yi asara. Na zare jan zare na sa a allura.

Na ɗinke ido ɗaya. Ɗayan na bar shi a buɗe, na rataye buhun a ƙusa a gefen teburin cin abinci, saitin kujerar Mads. Zan ɗinke shi ranar da Fintan ya kai cokali bakinsa da kansa.

Na tambayi likita yaushe. Ya ce kar in sa rana.